Saiwa a Cikin Bokiti

Glenda Openshaw ta durƙusa a bayan gidanta tana haƙa rami da ɗan shebur, gwiwoyinta duk taɓo. A gefenta akwai bokiti, a ciki kuwa saiwar wata muguwar ciyawa ce 'yar asalin Japan, wadda ta tono a bakin layin dogo. Kowa a garinsu na Wigan ya san sharrinta. In ta kama wuri har siminti take fasawa, kuma babu mai ƙara taya gidan.

Gobe za a zo karɓar makulli. Gidan da suka saya da guminsu, ita da marigayi mijinta Clive! To amma ginin kaɗai suka saya, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta wani Mista Rawcliffe ce, hayarta suke biya bisa yarjejeniya. Da Clive ya samu shanyewar ɓarin jiki ya kasa hawa bene, sai ta gina masa banɗaki a ƙasa ba ta nemi izinin mai ƙasar ba. Laifin ke nan fa. Lauyoyin mutumin suka yi ta jan ta har kotu ta ce ta karya yarjejeniya, gida ya koma hannun mai ƙasa. Ta tsani mutumin nan, tsanar da ko abinci ba ta bari ya yi mata daɗi.

"Ke Glenda, gawa kike binnewa?"

Maƙwabciyarta Noreen ce ta leƙo ta saman shinge, riƙe da kofin shayi. Da idonta ya faɗa cikin bokitin, sai dariyar ta ɗauke.

"Kin haukace ne?"

"Ƙasarsa ce, ko ba haka alƙali ya ce ba? To tsaraba zan bar masa a ciki."

"Haba 'yar uwa! Da wayonki? Wa kike zaton zai ɗauki nauyin tone ta? Ai mu ma a kan ƙasarsa muke: in fitilar titin nan ta mutu, mu yake cajewa. In kwata ta toshe, mu. Wannan kuwa kafin baɗi ta ratso shinge ta shigo mini kicin. Shi ko a jikinsa, ni ce zan kasa sayar da nawa."

Glenda ta tsaya da shebur a hannu. Gaskiya ce, kuma gaskiyar ta fi komai ƙona mata rai. Wace irin doka ce wannan, wadda ko jifa ka kai wa azzalumi sai ya sauka a kan maƙwabcinka? Hawaye suka zubo mata, na takaici zalla. Ta mayar da ƙasar cikin ramin, ta danne da tafin hannu.

"Taso ki sha shayi," in ji Noreen. "Rabu da shi. Yana can yankin Cheshire cikin ƙaton lambunsa, ko sunanki bai sani ba."

Glenda ta ɗago kai a hankali.

"Lambun nan, shi ma haya yake?"

"Haya? Rawcliffe? Tun daga ƙofa har bakin rafi nasa ne, na kansa."

Glenda ta miƙe, ta kakkaɓe siket, ta rufe bokitin da tsohon tawul. Ta zura shebur cikin jakarta.

"Ajiye mini shayin. Wace bas ce ke zuwa can?"

Noreen ta dubi bokitin. Sannan ta kurɓi shayinta, ta waiga ko akwai mai ji.

"Bas da bokiti, sai ka ce wata mai shara? Bari in ɗauko makullin mota."