Jarka Biyu a Tsakar Gida

Gidan da ƙaramar hukuma ta ba Basharu a kwatas ɗin Kalgo ɗaki biyu ne da tsakar gida da ko akuya ba za ta miƙe ƙafa a ciki ba. Malamin gona ne, amma rabin hankalinsa yana fadama, wajen shinkafar rani. Tsoron ɓarayi ya sa ya ɗinke tagogi da ƙarfe, ya jibge buhunan shinkafa a ƙofar baya har sama, fetur ɗin injin ban-ruwa kuma ya ajiye shi cikin jarka rawaya, gefen jarkar ruwa. Mutum mai ilimi, wallahi.

Matarsa Hafiza ta sha yi masa magana.

"Malam, wanga fetur dai a fid da shi."

"Gobe," in ji shi. Kullum gobe.

Da ta haihu, goggonsa Hajjo ta zo daga Dalijan don wankan jego. Tsohuwa ce mai tsiya da son jika, ta saba da gida mai fili inda ake hura wuta a bar ta ta ci son ranta. Nan ma haka ta yi, ta kafa tukunya dab da ƙofar ɗaki.

Ran nan da hantsi, ba a ko yi suna ba, Basharu yana fadama, iska ta kwashi wuta ta ɗora a kan tabarmar da aka shanya. Abu kaɗan ne. Goggo Hajjo ta yi salati, ta suri jarkar da ta fi kusa da hannunta ta watsa. Ba ta ruwan ba ce.

Maƙwabta suka ja tsohuwar waje, hannuwanta a ƙone. Wuta ta riga ta tare ƙofar ɗaki. Maza suka zagaya suna dukan ƙofar baya, buhuna suka ƙi motsi. Wasu suka ruga neman guduma. An buga wa 'yan kwana-kwana waya, sun taso, amma hayaƙi ya fi su sauri.

Safiya maƙwabciya, ita ma mai shayarwa, ce ta ga Hafiza a taga, tana tari, rungume da jaririya. Hafiza ta kwance zanen goyo, ta karkata 'yar, ta turo ta tsakanin ƙarafa biyu a hankali, kai da farko, sannan kafaɗa. Jaririyar ta fito.

"Ki jira, ga guduma nan tahe!" Safiya tana kuka.

Hafiza ta dubi ƙarafan, ta dubi kafaɗunta. Ba ta yi ihu ba, ni da ke tsaye cikin maƙwabta wannan ne ya fi ci mini rai.

"Ki ba ta nono, Safiya," ta ce. "Tun sahe ba ta sha ba."

Da Basharu ya iso, laka har gwiwa, ya tarar da Safiya zaune a gindin darbejiya tana shayar da 'yarsa. Ya tambaye ta ina uwar. Ba ta ɗago kai ba.