Kuɗin Ruwan Ghulam

Wata uku bayan rasuwar Ghulam, matarsa Shagufta ta fito da takardun bankinsa. Shekara ashirin da biyu yana tuƙin tasi a nan Bradford, bai taɓa nuna mata ko ɗaya ba. Ta sa babban ɗanta Waqas ya karanta mata.

Asusun ajiyar ya tara kuɗin ruwa fam ɗari shida. Akwai kuma fam casa'in da banki ya riƙa mayar masa kaɗan-kaɗan duk sanda ya sayi mai da kati.

Waqas ya ce, "Ammi, Abba fa ko sanin suna nan bai yi ba."

"Shi bai sani ba. Ni fa?"

Ranar Talata bayan azahar ta sami limamin unguwarmu, Maulana Shoaib. Ya tambaye ta ko katin na bashi ne, ta ce a'a, kuɗin Ghulam ne a ciki. Baji yake kiranta, wato yaya.

"To Baji, casa'in ɗin nan rangwame ne, kamar mai kanti ya rage miki farashi. Ku ci abinku. Ɗari shidan kuwa riba ce. Ki ba mabuƙaci, kada ki sa ran lada."

"Na ga kafet ɗin sashen mata ya mutu."

"Ban da masallaci."

"Gwiwoyinmu nake tausaya wa, Maulana."

"Na sani. Ban da masallaci."

Maƙwabcinta wani tsoho ne, Mista Ogden, wanda ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta. Na'urar ɗumama gidansa ta lalace tun Nuwamba, kullum yana cikin kwat biyu a falo. Shagufta ta tura mai gyara, ta biya daga ɗari shidan, ragowar ta sa a ambulan ta zura masa ta ƙofa.

Ogden ya zo godiya. Ta ce masa kuɗin ba nata ba ne. Ya ɗauka kunya ce, ya ƙara godiya. Da kaka ta kama, sai ga shi da buhun dankali daga ɗan lambunsa.

Ta daɗe tana kallon buhun. Ta shiga ciki ta fito da fam takwas ta miƙa masa.

"Me ke nan?"

"Kuɗin dankali."

Ya ajiye buhun ya juya, bai karɓi kuɗin ba. Mako biyu ba ya amsa gaisuwarta. Waqas ne ya je ya zauna da shi ya yi masa bayani tun daga farko. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato kuɗin da ba ta iya taɓawa ne ta ba ni?"

"Kusan haka, Kawu."

Ogden ya dafa bututun ɗumama falon, ya ji zafinsa.

"Ka ce mata dankalin fam biyar ne. Ni ba ɓarawo ba ne."