Yatsan Baba Kafinta

"Tica, ɗan tallafo masa baya," in ji Goggo. "Kada ya zame."

Na ɗago Baba Kafinta, ita kuma ta cusa masa matashin kai. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Mutumin da a da yake saɓa ƙyaure shi kaɗai, yau ga shi hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Lauya tana zaune a kujerar roba da jaka a cinya, ta buɗe ɗan akwatin tawada ta ajiye a bakin gado, tunda sa hannu ya gagara sai dangwale. Ni da mai shagon bakin layi aka kira mu zama shaidu.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Goggo ƙanwarsa ce. Da matarsa ta rasu ta bar masa ƙananan yara, ita kuma mijinta ya mutu ba su haihu ba, sai ta kwaso kayanta ta dawo wurinsa. Ita ta yi musu wanka, ta kai su makaranta, har ta aurar da su. Ba ta da wani wuri a duniya sai ɗakin nan na kusa da famfo.

Baba ya daɗe yana cewa zai mayar da gidan sunanta tun yana raye, tunda yara kowa ya kama gabansa. Sai dai ya taɓa jinginar da gidan a banki ya faɗaɗa shagonsa, ya kuma sake jinginarwa lokacin da babban ɗansa ke neman jari. An gama biya tuni, amma takardar gidan ta maƙale. Yau a ce mai sa hannu yana hutu, gobe a ce fayil ya tafi hedikwata. Lauya kuwa ta ce ba a canja suna sai banki ya saki. Baba ya yi ta sintiri har takalminsa ya siɗe. Ranar da takardar ta fito, yana kwance a asibiti.

"Baba, ka gane ni?" Lauya ta tambaye shi.

Ya dube ta da ido ɗaya. "Ke ce mai cewa a jira banki."

Muka yi dariya, har da Goggo.

"To an gama jira. Me kake so a yi da gidan nan?"

"A ba ta."

"A ba wa?"

Ya ɗaga ido yana kallon silin. Can ya ce, "Uwar yaran nan."

"Ni yake nufi," Goggo ta yi caraf. "Wa ya raine su in ba ni ba?"

"Goggo, ki yi haƙuri, daga bakinsa nake son ji. Baba, ina uwar yaran take?"

"Ta je kasuwa," in ji shi. "Yanzu za ta dawo. Ku ce mata ƙaramin ya yi zazzaɓi."

Ƙaramin nan da yake magana, 'ya'yansa ma sun shiga makaranta. Lauya ta sake gwadawa ta wata hanya, ta kuma gwadawa. Baba ya shiga zancen wani teburi da bai gama gogewa ba. Ta miƙa hannu a hankali ta rufe akwatin tawada.

Na bi ta har waje, inda ta ajiye mota a gindin falwaya.

"Haba Barista. Kaf layin nan babu wanda bai san nufin bawan Allahn nan ba. Yatsa ne fa kawai."

"Malam, ni ma na sani, a ofishina ya faɗa. Amma in na dangwala yau, gobe wani ya kai ƙara, kai za a kira. Za ka rantse yana cikin hayyacinsa?"

Ta buɗe ƙofar mota ta ajiye jakarta a ciki.

"Masu irin ciwon nan sukan dawo daidai da safe," ta ce. "Gobe ina kotu. Jibi zan yi sammako."

Washegari da hantsi na leƙa. Goggo na goge masa fuska da tsumma mai ɗumi. Idonsa ya washe tar, har ya tambaye ni ko ɗalibaina sun daina karya mini benci. Na fita da sauri na kira Lauya, wayarta a kashe. Na kira ofishinta, aka ce tana gaban alƙali.

Da na dawo ya kama hannuna da na hagunsa.

"Tica, jiya na ga yarinyar nan da takardu. An gama ko? An sa sunan Auta?"

Haka yake kiran Goggo, duk da furfurarta. Na dube ta. Ta matse tsumman a kwano, ba ta dube ni ba.

"An gama, Yaya," ta ce. "Ka dangwala. Tica ma ya sa hannu."

"Alhamdu lillahi." Ya saki hannuna. "Abin nan ya hana ni barci. Auta, ba mai ɗaga ki. Ki sa a gyara famfon nan, yana ɗiga."

"To, Yaya."

Bai sake wata magana mai tsawo ba. Da yamma numfashinsa ya canja, kafin rana ta faɗi ya cika, kansa a kan cinyarta. Washegari Lauya ta cika alkawari, ta yi sammako. Ta tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ta daɗe tsaye da jakarta kafin ta cire takalmi ta shiga yin gaisuwa.

Babban ɗan ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya yi kuka kamar yaro. Amma bayan an tashi daga zaman makoki ƙannensa suka ce a sayar a raba, shi ma kasuwa ta juya masa baya. Na same shi na gaya masa abin da mahaifinsa ya so.

"Na sani, Malam," ya ce, yana murza makullin mota. "Ba ni kaɗai ba ne. Kuma ai ba korar Goggo za a yi ba. Ta zo wurina, ta kwana da yara."

"Ta yarda?"

"Ba ta ce komai ba."

Ranar da dillali ya zo da mai saye ina tsakar gidan. Suka ƙwanƙwasa bango, suka leƙa ɗakuna, mai saye yana cewa zai rushe na kusa da famfo ya yi wurin ajiye mota. Goggo tana zaune a ƙofar ɗakin tana tsince shinkafa a faranti. Dillali ya jawo tef zai auna, bakin tef ɗin ya yi ta zamewa daga jikin bango.

"Mama, ɗan riƙe mana nan."

Ta ajiye farantin, ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta danne bakin tef ɗin a jikin bango da babban yatsanta, dillali ya yi ta ja da baya yana warwarewa.