Muntaka Uku a Biro Ɗaya

A shekarar da aka fara shimfiɗa bututun mai a kudu, Muntaka na unguwar Gardole ya riga ya yi furfura, amma ko saurayi bai isa ya riga shi tashi daga tabarma ba. Shi ne mutumin da ya haye kogin Shari da matarsa Safiyatu a kwalekwale lokacin yaƙin shekarar tamanin, harsashi na faɗawa ruwa dama da hagu, hularsa ko karkacewa ba ta yi ba. Bai taɓa zama a aji ba. Ya tuƙa babbar mota har Abeshe, ya yi wa wani Bafaranshe kuku, ya yi gadin sito a kasuwa, ɓarawo bai taɓa ɗaukar ko allura ba.

Sai dai aiki ya yanke masa, mai gida kuma ya ce zai rushe ɗakunan haya. Safiyatu ta faɗa masa a fili cewa in damina ta sauka bai samu abin yi ba, Aturon za su koma, gidan mijin 'yarsu Hamdiyya. Muntaka ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Namiji irinsa ya zauna suruki na auno masa hatsi?

A lokacin kamfanoni sun daina ɗaukar mutum a bakin ƙofa. Sai an bi ta biro, wato ofishin masu samar da ma'aikata, an ajiye takardar tarihin aiki, wadda 'yan boko ke kira CV. Muntaka ya je wurin Rufa'i, mai buga wa mutane takardu a gindin dalbejiya, ya ce a zuba komai a ciki, har da kwalekwalen. Rufa'i ya yi dariya, ya ce mai neman direba ba ruwansa da miya, kowane aiki da irin takardarsa. Aka buga uku, ta direba da ta kuku da ta gadi, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Rufa'i ya ce a raba su biro daban-daban. Muntaka ya ga wannan ɓata takalmi ne, ya kai su duka wuri guda, ranaku daban, don su san garin da maza.

Wata Talata Mudi mai kanti, wanda aka ba da lambar tarhonsa, ya leƙo ya ce an bugo, ana neman Baba Muntaka ranar Alhamis da safe.

"Wane aikin suka ce?"

"Wallahi Baba ban tambaya ba. Ai kai ɗaya ne."

"A wurinka nake ɗaya, sakarai. A wurinsu ni uku ne."

Daga nan abinci ya daina wuce masa. Akwai abin da ko Safiyatu bai gaya wa ba. Tun bara wani fari-fari ya fara rufe masa ido, mutum in ya yi nisa sai ya koma kamar inuwa, Muntaka kan gane shi ne da murya. Albasa hannu ke yanka ta, gadi kuma kunne ne rabinsa. Tuƙi fa? Ya sa an buga takardar direba ne don kada Rufa'i ya ce tsoho ya gaza. Yanzu ga shi yana roƙon Allah a sujada kada ta zama ita ce aka ɗauka.

Ranar Alhamis ya shirya wa duka ukun. Ya sa rigar kaki ta direbobi da takalmin gadi, ya naɗe wuƙarsa ta kuku a tsumma ya jefa a jaka. Safiyatu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, Malam, yaƙin ne ya dawo? A ƙofar biro mai gadi ya laluba jakar, ya zaro wuƙa, aka yi ta bayani da Larabci kafin a yarda ya shiga, wuƙar kuma ta zauna a waje.

Ma'aikacin da ya karɓe shi wani matashi ne, Yunusu, jikan mutanen da suka taso aikin hajji suka yada zango a garin. Da ya ji Hausa a bakin tsohon sai ya ajiye Faransanci ya koma Hausa. Ya jera takardu uku a tebur, kowace da hoton fuska ɗaya, ya ce shugabarsu ta yi dariya har da hawaye, amma dokarsu mutum ɗaya takarda ɗaya. Kuma direba ake nema yau.

Aka fita da shi fili. Ga mota fara sabuwa, ga ganguna an jera, za a bi tsakaninsu da baya. Muntaka ya hau, ya murza makulli, injin ya amsa masa kamar ya san shi. Hannunsa bai manta komai ba. Ya ɗaga ido ga madubi, bai ga ganga ba, bai ga katanga ba, sai fari da wasu inuwoyi suna motsi. Ɗaya daga cikinsu ta yi magana, ashe mace ce mai sayar da shayi, tana ratsawa da tire. Gumi ya jiƙa masa kaki. Ya tuna Aturon, ya tuna mudun suruki, ƙafarsa na kan kuloci. In ya saki, wataƙila ya wuce lafiya, ai ya sha wuce abin da ya fi wannan. Ya daɗe a haka, har Yunusu ya ƙwanƙwasa gilashi.

Muntaka ya kashe mota ya sauko, ya miƙa makulli.

"Ɗana, ba wa yara wannan. Ni na ƙoshi da hanya. Bar mini ta kuku."

Yunusu ya dubi idon tsohon, ya ɗan jima yana dubawa. Ya ce to Baba, sai dai ba za a nemi kuku ba sai an buɗe sabon sansanin ma'aikata, bayan damina. Ya mayar masa da takardu biyu, ya riƙe ɗaya.

Hadari na haɗuwa ta gabas lokacin da ya iso gida. Ya ce wa Safiyatu ta fara ɗaure kaya, ta kuma ajiye wuƙar nan inda ba za ta yi tsatsa ba. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, ta ga yadda yake laluben bakin ƙofa da hannu, ta fasa, ta karɓi wuƙar. Maƙwabta kuwa ya shaida musu cewa an ba shi mota sabuwa fil ya ƙi, kuma zai je Aturon ne ya duba wa yaran nan gini, don ba su san kan aiki ba.

Ran tashi, amalanke na jira, ya tsaya a kantin Mudi ya kama shi da hannu biyu.

"In sun bugo, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ka hau babur ka same ni. Kuma wannan karon ka tambaye su wane aiki."

"Baba, ai saura ɗaya."

"Ka dai tambaya."