Kwanon Juma'a

Ranar da Nafisa ta kawo mini 'yarta dogon hutu, sai da na ƙare wa yarinyar kallo kafin na amsa gaisuwarta. Mota ba ta shiga lungunmu na Unguwar Kanawa, a bakin titi ake barin ta a ƙaraso da ƙafa. Wannan 'yar tafiyar, wadda ko akuya mai ciki ba za ta ji ba, ita ce ta sa jikata ta iso tsakar gida tana haki, ta dafa bango, gumi yana bin wuyanta. Shekararta goma sha ɗaya. Sunana aka sa mata, Harira, amma uwarta ta mayar da ita Mimi, sai ka ce kyanwa. Ni Takwara nake ce mata.

Kada wani ya ce ƙiba nake zagi. Ni kaina ba siririya ba ce, kuma a zamaninmu mace mai jiki ita ake nunawa a gidan biki a ce ta samu gidan hutu. Sai dai mu ƙafafunmu ne suke ɗauke da jikinmu, mu yi daka da shi, mu ja ruwan rijiya da shi. Abin da ya tsaya mini a rai game da Takwara daban ne. Ba ta yin komai sai ta waiga ta dubi uwarta.

"Mami, in zauna a nan?"

"Mami, in sha ruwan randar nan?"

Daga gida sai mota, daga mota sai aji, daga aji sai mota. A gidansu na Malali get ɗin ya fi ni tsawo sau biyu, kuma maigadi ne yake sayo musu ko ashana. In ta dawo makaranta sai kujera da waya da taliyar leda da lemon kwalba. An ɗaure yarinya kamar tunkiyar layya, sannan an dawo ana jin haushin ta yi jiki.

Nafisa ta zaro wani kwali daga jaka ta ajiye mini a kan tabarma. "Inna, wannan shayin rage ƙiba ne, wajen wata na saya a waya. Safe da yamma za a dafa mata. Akwai bikin ƙanwar babanta bayan hutu, tela ya ce yadin ankon ba zai ishe ta ba. A makaranta ma Buhun Shinkafa suke ce mata."

A gaban yarinyar ta faɗa. Takwara ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Kuma don Allah, Inna, ko zaure kada ta leƙa. Kin san yadda gari ya koma."

Na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

Shayin nan sau ɗaya na dafa shi. Yarinyar ta wuni tana zarya banɗaki, ciki yana murɗa mata, da yamma idonta ya faɗa, ko tashi yin alwala sai da na kama ta. Na ɗauki kwalin na zazzage shi a kwata, na bi shi da ruwan wanke-wanke. Da Nafisa ta bugo na gaya mata ƙiri-ƙiri. Ta yi ta mita a kan tsadarsa, na ce in tsadar ce ke damunta ta zo ta tsince shi, kwatar tana nan.

Washegari na jiƙa shinkafar waina, na zuba a roba, na miƙa wa Takwara. "Kai mini niƙa wajen Lawan. Ki bi lungun nan har ƙarshe, ƙarar injin za ta kira ki."

Ta zaro ido. "Ni kaɗai, Kaka?"

"Da kika zo duniya ke da wa kuka zo?"

Ko gammo ba ta iya naɗawa ba, ni na naɗa mata na ɗora mata robar. Ta fita tana takawa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ta dawo rabin ƙullun a hijabi, tana kuka, wai yara sun yi mata dariya. Na wanke hijabin, ban lallashe ta ba. Da gari ya waye na sake aiken ta.

Kada a ɗauka ban san tsoro ba. Ina jin rediyo, na san ana satar yara, na san akwai masu keken da ba fasinja suke nema ba. Shi ya sa ban tura ta haka kawai ba, sai da na koya mata abin da aka koya mana. Duk tsohuwar da ta gani a ƙofar gida ta rusuna ta gaishe ta, ta ce ita jikar Harira mai waina ce, don a san ta wane gida ce. Kada ta hau abin hawan kowa, ko da ya kira sunan ubanta. In ta ɓata ta tambayi mace mai sana'a a bakin hanya, ba ƙaton da ke tsaye ba aikin komai ba. In za ta tsallaka titi ta jira mata, ta shiga tsakiyarsu.

Kafin hutu ya raba, ita ke sayo mini kayan miya da gawayi. Ta san mai kayan miyar da ke cusa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan leda, har ta taɓa mayar masa. Ba zan ce ta rame ba, ban kuma auna ta ba, ni ba mahauci ba ce. Amma hakin ya tafi, kuma ta daina tambayata ko ta sha ruwa. In Nafisa ta bugo da yamma ta ce me Mimi take yi, sai in ce tana taya ni aiki. Gaskiya ce, kuma ba ta tambayi a ina ba.

Akwai abin da ban taɓa fashinsa ba tun ina amarya. Duk Juma'a ina aika wa ƙanwata Hasiya waina da miyar taushe a Hayin Banki, a cikin wani tsohon kwanon samira mai lotsattsen murfi. Ita kuma ba ta taɓa dawo mini da shi wayam ba. Tun da 'ya'yana suka watse, yaran maƙwabta ke kai mini. Wata Juma'a na ɗaure gwiwata da ɗankwali, na ce wa Takwara ta ɗauko kwanon mu je tare. Ina tafe ina nuna mata: nan masallacin da za ki bari a hannun dama, nan mai faci, nan ake tsallaka babban titi, nan za ki karya ki bi bayan masu katako.

Juma'ar da ta biyo baya, ina gama zuba miya sai na ga ta naɗa gammo da kanta.

"Kaka, kawo. Na san hanya."

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Amma na san in na ce mata a'a yau, na zama wani maigadin ke nan. Na ɗora mata kwanon, na yi mata addu'a, na tsaya a zaure har ta sha kwana.

Ana saukowa daga masallaci sai ga Nafisa, ba ko waya, wai an tashe su aiki da wuri. Ta shigo da ledar kaza da lemo tana kiran Mimi.

"Ta tafi aike," na ce.

"Aike? Ina?"

"Hayin Banki, gidan Hasiya."

"Ita da wa?"

"Ita da ƙafafunta."

Ledar ta suɓuce daga hannunta. Tun da na haifi Nafisa ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ran nan. "Inna! Amana na ba ki! Yarinyar da ko titi ba ta taɓa tsallakawa ba? In wani abu ya same ta me zan ce wa babanta?"

"Ki ce masa ni na aike ta. Ya zo ya same ni, ina nan ban ƙaura ba."

"Zamanin ya canza, Inna! Ba lokacinku ba ne!"

"Na sani. A lokacinmu ba a rufe yaro a ɗaki a ɗura masa abinci, sannan a ɗura masa maganin zawo don yadi ya ishe shi. Ke kina kamarta har Kawo kike kai mini tallan waina, ki dawo ki yi tsalle-tsallenki har magariba. Wa ya cinye ki?"

"Shi ya sa na rantse 'yata ba za ta sha wannan wahalar ba!"

"To ga shi kin hutar da ita, har ba ta iya kai kanta ƙarshen lungu."

Ta juya mini baya ta hau kiran wayar Hasiya. A kashe take, ba su da wuta tun jiya. A daidai nan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka koma rumfa, ita a wancan gefe, ni a wannan. Lokacin da ya kamata a ce Takwara ta dawo ya yi, ya wuce. Ina jan carbi a cikin mayafi don kada Nafisa ta gani. Na tuna babbar kwatar da ke kusa da masu katako, yadda take cika ta shafe hanya. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba tun rasuwar mahaifin su Nafisa. Duk da haka ban yi nadama ba.

Da ruwan ya tsagaita Nafisa ta fizgi makullin mota. "Wallahi in na same ta, yau za ta bar gidan nan. Ba za ta sake kwana a nan ba."

Ba ta kai zaure ba muka ji sallama.

Takwara ce, jiƙe sharkaf, taɓo har ƙauri, takalmi ɗaya ya tsinke ta riƙe shi a hannu. A kanta kwano biyu ne, nawa da wani, an ɗaure su da ɗankwali. Nafisa ta yi kanta za ta rungume ta, yarinyar ta ja da baya.

"Mami, tsaya, zai zube. Ban isar da aike ba."

Ta wuce uwarta, ta zo gabana ta durƙusa, ta sauke kwanukan a hankali. "Kaka, Inna Hasiya ta ce a gaishe ki, ta gode, Allah ya bar zumunci. Ta ce miyar ta yi gishiri kaɗan. Ga dambu a kwanonki, wannan kuma nata ne, zogale ne a ciki."

Na ce ina ta tsaya. Ta ce ruwa ne ya tare ta wajen masu katako, ta ga kwata ta cika, sai ta gaida wata mai soya awara ta fake a rumfarta. Wani mai keke ya ce ta zo ya kawo ta kyauta, ta ce masa ta gode. Da ruwan ya ja, mai awarar ta haɗa ta da wasu mata suka tsallaka titi tare.

Nafisa tana tsaye tana hawaye. "Shiga ki ɗauko jakarki, Mimi. Gida za mu."

Yarinyar ba ta tashi ba. Ta sa yatsa a kan lotsawar murfin kwanona. "Mami, Inna Hasiya ta ce ke kika lotsa wannan. Wai kare ne ya biyo ki a Hayin Banki, kika yar da kwanon, kika haye katangar mutane. Da gaske kin iya hawa katanga?"

Nafisa ta nuna mata ƙofar ɗaki.

"Na ce ki ɗauko jakarki."

"Kwanon Inna Hasiya fa? A ciki take cin tuwo. Na ce mata gobe zan mayar."

"Direba zai kai."

"Ni na ce zan mayar, Mami."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube ni don in taya ta ba. Wannan ne ya fi yi mini daɗi. Ta ajiye tsinkakken takalmin, ta ɗebi ruwa a buta ta hau wanke ƙafafunta. Nafisa ta daɗe tana kallon ƙafafun nan. Daga baya ta fita, ko sallama ba ta yi mini ba. Jakar dai tana ɗaki.

Washegari da hantsi sai ga Nafisa ta dawo, sanye da takalmin roba, fuska a murtuke. Ta gaishe ni a taƙaice, na amsa a taƙaice. Ta ce ita ba za ta bar 'yarta ta sake bin hanyar nan ita kaɗai ba, tare za su je. Na ce ba ni za ta gaya wa ba, ga mai aiken nan.

Takwara ta riga ta wanke kwanon Hasiya, na zuba mata dafaffiyar gyaɗa a ciki. Ta naɗa gammo, ta ɗora, ta dubi uwarta sama da ƙasa.

"To, Mami. Amma aikena ne. Ki tsaya daga baya."

Na bi su zaure na tsaya. Yarinyar tana gaba, kwano a ka, hannuwa a sake, tana gaida tsofaffin lungu suna amsa mata da "Takwarar Harira, an fito?" Nafisa tana biye. Ba su kai wajen injin Lawan ba na ga ta rage sauri, ta dafa bangon wani gida tana mayar da numfashi, daidai yadda 'yarta ta dafa nawa ranar da ta zo.

Takwara ta tsaya a bakin kwanar, ba ta sauke kwanon ba, ba ta kuma komo ba. Daga nan inda nake na jiyo muryarta.

"Mami, ki taho a hankali. In kin ɓata, ki tambayi mai awara."