Jirgin Ƙasa a Ƙarƙashin Teku

Ranar da labarin ya zo mini ina tsaye a kan tukunyar tuwon shinkafa. Bayan ƙaramar sallah ne, shekarar 2013, zafin Dubai bai fara sauka ba. Sana'ata ke nan a Al Ras, in dafa tuwo da miyar kuka in zuba a robobi, a kai wa 'yan kasuwarmu masu ɗaurin kaya a Naif da Murshid Bazar. Waya ta yi ƙara, na ga Salmanu ne, wani ɗan garinmu mai aikin kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida. Hannuna da muciya, sai na danna sifika na ajiye wayar a kan firiji. Na ɗauka ƙarin abinci zai ce.

Ya ce, "Murjanatu, nemi wuri ki zauna."

Na ce ya faɗi abin da ke bakinsa, tuwo zai kama.

Ya ce, "Allah ya yi wa Labaran rasuwa. A cikin jirgi, a ƙarƙashin teku. Haka aka gaya mini daga gidan ubangidansa."

Labaran mijina ne. Direba ne a gidan wani Balarabe mai hali. Duk lokacin zafi iyalin gidan suna tafiya Landan, a ɗora motocinsu biyu a jirgin sama su bi su, direbobi biyu su ma su bi. A wannan shekarar daga Landan za su wuce Faransa. Iyakar abin da na sani ke nan a lokacin.

Na juya sai na ga Inna a bakin ƙofar kicin, ta dafe bango. Inna mahaifiyarsa ce. Shi ya kawo ta daga Yawuri aka cire mata yanar ido, kafin ya tafi. Ta ji komai daga sifikar nan.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ruwa kuma." Ta koma ɗaki ta zauna a kan sallaya.

Sai an san Inna za a gane maganar. A bakin kogin Kwara aka haife ta. Tana budurwa jirgi ya kife da ƙanenta a hanyar cin kasuwa, masunta suka yi ta nema ba a samu ko hularsa ba. Babu wanka, babu likkafani, babu inda za a tsaya a ce ga shi nan. A wurinta jirgi da ruwa in suka haɗu a baki ɗaya da mutuwa, magana ta ƙare.

Ni ma a yinin nan haka na ɗauka. Washegari Idris ya kira ni daga Faransa. Idris shi ne direba na biyu, mutumin Gana ne, ɗan Zango a Akara. Ya ce ba jirgin ruwa ba ne, jirgin ƙasa ne. Turawa sun haƙa hanya ta cikin ƙasar da teku ke kwance a kai, daga Ingila har Faransa. Mutum ya tuƙa motarsa ya shiga cikin tarago, ya kashe inji, ya ja birkin hannu, ya sauke gilashi, ya zauna abinsa. Jirgin ne zai yi tafiyar. Kamar rabin awa sai ga ka a wata ƙasa.

Ya ce Malam, haka yake kiran Labaran, yana gaba, shi yana bayansa a ɗaya motar. Da jirgi ya tashi Malam har ya fito ya zo ya jingina da ƙofarsa, yana tsokanarsa cewa yau dai direbobi sun zama fasinjoji, a biya su kuɗin zama. Ya koma motarsa ya kwantar da kujera, carbi a hannu. Da suka isa aka buɗe ƙofofi, motocin gaba suka wuce, tasa ba ta motsa ba. Idris ya yi masa hon. Ya sake yi. Sannan ya fito ya leƙa.

Likitoci suka ce zuciya ce. Ni da yayansa Ɗalhatu muka yarda a binne shi a can, a maƙabartar Musulmi. Idris na cikin waɗanda suka yi masa wanka.

Na gane, don ni mai dafa abinci ce, na san ruwa na iya zama a cikin tukunya, wutar da ke ƙasanta ba ta jiƙe ba. Na shiga na gaya wa Inna tiryan-tiryan.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Murja, jirgi uku na sani. Na sama sama yake bi, shi ya kawo ni. Na ƙasa ƙasa yake bi. Wanda ke cikin teku na ruwa ne, in kuwa ya koma ƙarƙashin teku sunansa ya nutse. Kun ga tsohuwa kuna lallashinta. Allah ya saka muku, amma ku bar ni."

Na nuna mata hoton kabarin a waya. Ta kawo shi kusa da fuska, ta duba da kyau, ta miƙo mini. Ta ce tudun ƙasa ko'ina akwai shi.

Da farko kifi ta daina ci. Daga baya ko warinsa ta ji daga ɗakin maƙwabta 'yan Kerala sai ta rufe hanci da mayafi. Sannan tuwon ma ta bari, sai kunu kaɗan. Ta ce tana ganinsa a mafarki rigarsa sharkaf, yana rawar ɗari. In na ce mu yi masa addu'ar Allah ya haskaka kabarinsa sai ta ce, "Wane kabarin?" Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Ga bizarta ta kusa ƙarewa. Na san in ta koma Yawuri da wannan a ranta, kullum Kwara a gabanta, ba za ta kai damina ba. Ni na rasa miji, amma na san inda yake kwance. Ita ko wannan ba ta da shi.

Idris ya dawo Dubai da motocin, ya zo gaisuwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ka yi haƙuri. Wallahi ni na zuba mishi ruwa da hannuna."

Hausarsu ta Gana ba ta raba mace da namiji. Inna ta dube shi ta ce, "Na haifi tara kana ce mini ka. Wanda bai iya bambance uwarsa da ubansa ba shi zai bambance mini jirgi?"

Idris ya yi dariya hawaye na zuba. Ni kuma a nan dabara ta faɗo mini. Ai mu ma muna da jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ruwa, a bayan gidanmu ma. Metiro daga tashar Al Ras zuwa Al Gubaiba ta ƙarƙashin Kor yake wucewa, wato hannun tekun nan da ya raba Deira da Bur Dubai. Na sha hawansa in zan je sayen kayan miya, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Da la'asar ta yi sanyi na ce wa Inna ta ɗauki mayafi, za mu fita.

Ta ce, "Mai takaba da yawo?"

Na ce, "Lalura ce, Inna. Ni zan amsa a gaban Allah. Idris zai raka mu."

"Ina za mu?"

"Bakin ruwa."

Ta ce ba za ta ba. Na ce to ni ma daga yau na daina cin abinci, in Ɗalhatu ya tambaya ta gaya masa gawa biyu za a aiko masa. Ban taɓa yi mata magana haka ba. Sai ta ce in miƙo mata takalminta.

Ba mu fara da tasha ba. Na kai ta bakin Kor ta ɓangarenmu, inda manyan jiragen katako ke lodi. Akwai wani shuɗi, an jibge masa firiji da tayoyin mota har sama, wani matuƙi ya shanya jan bargo a gefensa. Na ce ta kalle shi da kyau. Ta ce ta gan shi, ai ba makauniya ba ce yanzu. Na nuna mata ƙetare, na ce can za mu je, kuma ba za mu hau kan ruwan nan ba, ba za mu bi gada ba.

Ta ce, "Sai dai in fiffike za ki ba ni."

A tasha ta ƙi matakala mai tafiya da kanta, ta ce ba da ita ba. Muka shiga lif. Muna sauka tana riƙe da hannuna, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Wurin sanyi ƙalau, ga haske, ga ƙamshin sabulun goge ƙasa. Jirgi ya zo. Muka shiga taragon mata, Idris ya shiga na kusa ya tsaya inda za ta riƙa ganinsa. Wata 'yar Filifin ta tashi ta ba ta kujera.

Ƙofa ta rufe, jirgi ya ja. Ta taga babu komai sai duhu da fitilu suna wucewa.

Na sunkuya na ce, "Inna, yanzu ruwan nan yana samanmu."

Ta ɗaga kai ta kalli rufin. Ta matse mini hannu har zoben da na manta ban cire ba ya shiga nama. Ta kalli mutanen ciki. Wata na danna waya, wata na gyara wa ɗanta takalmi, wata ma gyangyaɗi take. Kafin ta gama kallonsu muka tsaya, ƙofa ta buɗe.

Muka fito sama, muka taka a hankali zuwa bakin ruwa. Ta ce, "Zagayawa kuka yi da ni. Wannan ai wurin ɗazu ne."

Na juya ta ta fuskanci ƙetare. Rana na bayanmu, haske ya faɗi sosai a kan wancan ɓangaren. Ta sa hannu a goshi. Idon nan da ɗanta ya biya aka gyara, shi ya yi aikin. Ta ce, "Ga shuɗin can. Ga jan bargon."

Ruwa shimfiɗe tsakaninmu da shi, ƙananan kwale-kwale na kai da kawowa.

Ta sunkuya ta kama bakin zanenta ta murza. Ta taɓa takalminta, ta duba tafin hannunta. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago sai ta ce, "Kai, ɗan Gana, zo nan."

Idris ya matso ya durƙusa.

"Nasa jirgin haka yake?"

"Haka yake, Inna. Sai dai ya fi wannan girma, mota ke shiga ciki."

"Bai jiƙe ba?"

"Ko ɗigo. Farar rigarshi yadda ya goge ta da safe haka na same ta."

"Carbin fa?"

"Yana hannunshi."

Ta zauna a kan benci. Sai ta fara tambayoyin da tun farko ta ƙi yi. Wa ya yi wankan? Ruwan da ɗumi, ko na sanyin ƙasarsu aka zuba masa? An sa kafur? Likkafanin sabo ne? Limamin ɗan ina ne? Idris ya ce ɗan Maroko ne, dattijo mai farin gemu, kuma mutanen masallacin da ba su taɓa ganin Malam ba suka cika sahu, har da wasu 'yan Senegal da suka rufe shagonsu suka zo. Ta tambaya ta wane gefe aka kwantar da shi. Ya ce dama, fuska ga alƙibla, shi da kansa ya shiga ramin ya gyara masa kai.

A nan Inna ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar farko. Ni ma na yi nawa. Masu wucewa suna kallonmu, ban damu ba. Da ta share fuska ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi." Muka ce amin.

Idris ya ce ko mu koma a kwale-kwale, iska na da daɗi. Ta ce a'a, ta inda ɗanta ya bi za ta bi. Da muka shiga jirgin ba ta riƙe hannuna ba. A gida ta ce in ɗumama mata tuwon rana, in sa man shanu da yawa. Ta cinye, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Ta koma Yawuri kafin bizar ta ƙare. Ɗalhatu ya ce mini ta zama mai ba da labari, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta zaunar da shi ta yi masa bayanin jirgi na huɗu, wanda ya musa kuma ta ce ya je ya gani, ita ta shiga da ƙafarta.

Ni ina nan a Al Ras. Da na fita takaba wasu 'yan Kano masu shago a Bur Dubai suka ce in riƙa kai musu abincin rana, na karɓa. Kullum kafin azahar nakan ɗauki kulolina in sauka tasha. In ƙofa ta rufe jirgi ya shiga duhun nan, sai in ajiye kayan tsakanin ƙafafuna in fara karanta masa Ƙulhuwallahu, ba na tsayawa sai ƙofa ta buɗe a ƙetare.