Igiyar Rijiyar Fagam

A shekarun da mahara daga duwatsun Ningi suka hana mata zuwa kogi ɗiban ruwa, mai garin Fagam ta ƙasar Gwaram ya aika Birnin Kudu a kira masa Barau mahaƙi, ya haƙa rijiya a cikin ganuwa kafin damina ta faɗi. Barau ya karɓi aikin, amma hankalinsa bai kwanta ba. Iliyasu, wanda ya riƙe masa igiya tun suna samari, ya rasu da kaka. Mahaƙi kuwa ba ya son shiga rami sai ya san hannun da ya bari a sama.

Samari masu neman aikin suka yi ta sallama a zaurensa, yana sallamarsu. Wannan ya fara tambayar abincin rana tun bai ga dagi ba. Wancan ya ce shi ƙasa yake so ya shiga, riƙon igiya aikin tsofaffi ne. Barau ya kan juya tafin hannun yaro ya duba, ya sake shi kamar ya taɓa ɗanyen nama.

Ya ce wa matarsa Turai, "Yaran yanzu, yau suna wurinka, gobe sun ji ƙararrawar jakunan fatake sun bi su Kano."

Ta ce, "Kai da aka haife ka da furfura, ai dole ka faɗa."

Ranar tafiya wani saurayi daga Kiyako ya tare shi a ƙofar gari, dogo, siriri, wuya kamar na zalɓe. Ya durƙusa ya ce sunansa Sada, aiki yake nema.

"Wa zai tsaya maka?"

"Babu kowa, Baba."

"Ka taɓa haƙa?"

"Kabarin babana kawai."

Barau ya miƙa masa kwando. "Ƙasa za ka kwashe. Ban ce na ɗauke ka ba. Kuma kada ka dame ni da magana."

A Fagam mai gari ya ba shi ƙarti biyu majiya ƙarfi, Balarabe da Umaru, su riƙa saukar da shi suna fito da shi. Igiyar ta bi ta kan wani gungumen kirya da aka gitta a bakin ramin. Barau ya sa Sada a can wutsiyar igiya, inda a ganinsa ko yaron ya saki babu asara.

Aiki ya yi nisa. Suka wuce jar ƙasa, suka wuce marmara, suka shiga rairayi mai zubewa wanda ba ya karɓar matakin ƙafa. Daga nan rayuwar Barau ta koma kan igiya ɗungum. Wata ranar bazara da hantsi kwandon ya fara fitowa da laka mai sanyi, mata suka yi ta guɗa. Ba mutane kaɗai suka ji ƙamshin ruwa ba. Ƙudan zuman da ke kogon wata kuka a bayan masallaci suka sauko kan tarin lakar suna sha, babu wanda ya kula, har wani yaro ya jefa musu hoge.

A lokacin ana tsakiyar jawo Barau. Ya baro ƙasa da nisa, bakin rijiya kuma yana can sama kamar faifai. Sai ya ji ihu, ya ji gudun ƙafafu, igiya ta zarce da shi ƙasa gaba guda. Ya yi salati ya runtse ido. Sai ta tsaya cak, har igiyar ta ci masa haƙarƙari.

Ya buɗe ido yana lilo tsakanin bango da bango. Farin faifan nan na sama ya yi duhu, yana motsi, ga wani irin kuka yana saukowa cikin ramin kamar ana kaɗa ganga a nesa. Ƙudan zuma suka fara faɗo masa ɗaya-ɗaya a kafaɗa. Nan ya gane abin da ya faru. Ya taɓa ganin zuma ta kashe jaki a ɗaure. Ya san babu ɗan Adam da zai tsaya a wurin nan.

Ya kira, "Balarabe! Umaru!"

Shiru. Ya ɗora tafinsa a kan igiyar. Tana rawa, wata 'yar rawa ƙanƙanuwa marar yankewa, irin ta jikin mai zazzaɓi. Rawar hannun mutum ce. Wani yana can a ƙarshenta, cikin wannan baƙin hadari, yana ɗauke da nauyinsa duka shi kaɗai. Barau ya yi shekaru yana shiga cikin ƙasa, ya ga macizai, ya ga bango ya rufta, bai taɓa jin tsigar jikinsa ta tashi kamar yanzu ba. Ya daina motsi don kada ya ƙara wa mai riƙon nauyi. Numfashi ma a hankali yake ja. Duk addu'ar da ya sani ya karanta, kuma da ya lura sai ya ga ba kansa yake yi wa ba.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a rataye ba. Daga bisani ya ji warin hayaƙin ƙaiƙayi da kashin shanu, ya ji muryoyin mata. Hadijatu matar mai gari ce ta tara su, suka lulluɓe da zannuwa suka zo da kasake na wuta. Duhun ya yaye, maza suka dawo suka kama, igiya ta fara hawa.

Da ya fito bai ga Sada a tsaye ba. Yana kwance rigingine, ya naɗe igiyar a ƙugunsa da damatsansa, ya tokare ƙafafunsa biyu da gungumen kirya, ƙasa ta yi kwari inda igiya ta ja shi. Fuskarsa ta kumbura har idanu sun ɓace. Aka yi aka yi a buɗe yatsunsa, suka ƙi. Sai da Barau ya zaro wuƙa ya yanke igiyar ta gaba da ta baya, ya bar masa guntun a hannu.

Balarabe ya matso, shi ma leɓe a kumbure, ya fara cewa, "Wallahi Baba, abin ne ya zo..."

Barau bai ko dube shi ba. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan yaron a cinyarsa, ya shiga cire masa ƙarin zuma da farce, daga goshi, daga kunne, daga fatar ido. Jama'a suka kewaye su.

Leɓen Sada ya motsa. Barau ya sunkuya.

"Baba... ka fito?"

"Na fito."

"To aikin... an ɗauke ni?"

Wata tsohuwa ta fashe da dariya tana share hawaye. Barau ya ɗago kai.

Ya ce wa mai gari, "A kawo nono da toka a shafa masa. Rijiyarku kuma za ta jira. Ba zan sake shiga ba sai ranar da hannun yaron nan ya warke."